Maciji a mafarki, sara a farke

Dare uku a jere ƙanwata ta yi tana ganin maciji ɗaya. A tsohon gidanmu na Birni take ganin kanta, inda aka haife mu, ba a ɗakinta na aure da ke Garin Malam ba. Randar Inna tana nan gindin dogon yaro, moɗa kife a kan faifai, kamar yadda take shekara ashirin da suka wuce. Sai wani baƙin maciji ya sulalo daga ƙarƙashin randar ya nufi tabarmar da ɗanta yake kwance. Ta buɗe baki za ta yi ihu, murya ta ƙi fita. Ta yunƙura za ta tashi, ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Can bakin zaure kuma ga Gwaggo a tsaye, riƙe da wani abu a hannu, tana kallo. A nan take farkawa kullum, jiƙe sharkaf da gumi, ta lalubi yaron ta ji ko yana numfashi.

Lokacin cikinta wata bakwai. Mijinta ya haura Libiya neman na kai, an kwashe wata biyu ba a ji muryarsa ba. Watan Afrilu ne, irin zafin nan namu na Damagaram da bango da duwatsu ke riƙe wuta har asuba, ga lantarki ana ɗaukewa, ga zazzaɓi yana rufe ta da yamma. Ba ta gaya wa Inna ba, ba ta gaya mini ba. Waya ta ɗauka ta yi saƙon murya ta tura wani zauren WhatsApp da ƙawarta ta saka ta, inda wani mutum ke fassara wa mata mafarki. Ta aika masa jika biyu. Ko minti goma ba a yi ba amsa ta dawo, kuma daga baya na saurare ta da kunnena. Cewa ya yi: "Hajiya, maciji maƙiyi ne. Tunda a gida kika gan shi, maƙiyin na jini ne. Wadda kika gani tsaye kuwa, Allah ne ya nuna miki ita. Ki kiyayi abin hannunta." Bai tambaye ta ko tana da lafiya ba, bai tambayi ina mijinta ba. Gwaggo kuwa bai taɓa sa ta a ido ba, ko sunanta bai sani ba.

Gwaggo ƙanwar mahaifinmu ce. Ta haifi huɗu, babu wanda ya rayu. Mijinta ya rasu, ta dawo ɗakin da ke kusa da zaure, tana tuyar ƙosai da safe a bakin hanya. Ita ta goye ni, ita ta goyi ƙanwar tawa. Tun da aka ce yarinyar tana da ciki, kullum sai ta dama fura ta zuba a kwanon sha ta ba yaro ya kai mata Garin Malam. Daga ranar da amsar nan ta zo, furar a kwata take ƙarewa. Ƙanwata ta gaya wa facalarta, facala ta gaya wa maƙwabciya, magana kuwa zarar bunu ce. Kafin sati biyu, matan layinmu sun daina aiken yara sayen ƙosai. Wata ta janye ɗiyarta da Gwaggo ta miƙa hannu za ta shafa kanta. Ba wanda ya furta kalmar a gabanta, amma kowa ya san kalmar da ke yawo: mayya.

Na daɗe ban gane abin da ke faruwa ba, kuma wannan jinkirin yana ci mini rai har yau. Shi ya sa nake rubuta wannan. Abin da nake so in faɗa ɗaya ne: mafarki labarin mai barci ne. Yana faɗin tsoronsa, da kewarsa, da halin da jikinsa ke ciki, wani lokaci kuma bushara ce daga Ubangijinsa. Amma ba ya tsayawa shaida a kan wani ɗan Adam. Duk wanda ya ɗauki mafarkin wani ya rataya shi a wuyan wani, ya zalunci mutum biyu, ko ya karɓi kuɗi ko bai karɓa ba.

Na san abin da za a fara ce mini: ai mafarki gaskiya ne, addini ya tabbatar. Haka ne, kuma ban zo musun wannan ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mafarki nagari yanki ɗaya ne cikin yanki arba'in da shida na annabta. Kiran sallar da muke ji sau biyar a rana, a mafarki Abdullahi ɗan Zaidu ya fara jin kalmominsa, Annabi ya tabbatar da su. Surar Yusufu da mafarki ta buɗe, da cikar mafarkin ta rufe labarinta. To amma addinin da ya girmama mafarki shi ne ya yi masa shinge, kuma shingen ne masu fassarar waya suke tsallakewa. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya kasa mafarki uku: akwai bushara daga Allah, akwai tsoratarwa da baƙanta rai daga Shaiɗan, akwai kuma zancen zuci, abin da mutum ya wuni yana saƙawa ya kwanta da shi. Kashi biyu cikin ukun nan ba su da fassara sam. Mafarkin da ya tashe ka zuciya na dukan uku-uku kuwa, an riga an faɗi yadda za a yi da shi: ka yi tofi sau uku ta hagunka, ka nemi tsarin Allah daga sharrinsa, ka juya ɗaya gefen, in ka so ka tashi ka yi salla, kada ka gaya wa kowa, ba zai cuce ka ba. Kada ka gaya wa kowa. Wani mutum ya zo ya ce ya yi mafarki an sare masa kai, Annabi bai fassara masa ba, hana shi ya yi ba da labarin wasan da Shaiɗan ya yi da shi a barci. Yanzu a dubi wannan, a dubi zauren da mata ɗari biyu ke jin mugun mafarkin juna kowace safiya.

Ba ilimi ne mai nisa ba. Duk wanda ya zauna a zauren malam a Birni ko Zango ya kai ƙarshen Risala ta Ibnu Abi Zaid ya ci karo da babin mafarki, inda aka ce bai kamata wanda ba shi da saninsa ya fassara shi ba. An tambayi Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi a ƙasar nan, ko kowa yana iya fassara mafarki, ya amsa da cewa da annabta za a yi wasa? Kuma malaman fiƙihu ba su gina hukunci a kan mafarkin wanda ba annabi ba. Alƙali ba ya raba aure da shi, ba ya yanke gado da shi, ba ya ɗaure kowa da shi. Mai da'awa shi ke kawo hujja, hujja kuwa a farke ake ganinta. Abin da bai isa ya sa a karɓe wa mutum akuya ba, ta yaya ya isa a karɓe wa tsohuwa mutuncinta?

Sai a ce: ai a littafi yake, Ibnu Sirina ya ce maciji maƙiyi ne. Lallai akwai littafin da ake jingina masa, ana sayar da shi a bakin masallatai da Kasuwar Dole, an kuma juya shi zuwa Hausa, an zuba shi cikin wayoyi. Muhammadu ɗan Sirina tabi'i ne na Basra, ya rasu shekara ta 110 bayan Hijira, ya yi suna wajen fassara da tsantseni. Amma masu bincike da yawa sun nuna cewa littafin da ke yawo da sunansa ba shi ya rubuta shi ba, daga baya aka tattara aka laƙaba masa. Ko da ma nasa ne, magabata ba su ɗauki fassara kamar jadawalin farashi ba, a ce maciji kaza, kura kaza, faɗuwar haƙori kaza. Suna duban mai mafarkin tukuna, da sana'arsa, da halinsa, da lokacin da yake ciki, har mutum biyu su kawo mafarki ɗaya a ba su amsa biyu. Macijin da manomin Mirya ya gani a daren da ya wuni yana ɗaurin damin hatsi, da wanda ɗan lakwal ya gani bayan ya kwana kallon bidiyo a waya, ba abu ɗaya ba ne. Wanda ke amsa wa mutum hamsin kafin azahar, ina ya ga lokacin sanin ko ɗaya daga cikinsu?

Akwai kuma abin da jiki yake yi, wanda ya kamata a ce kowane ɗalibi ya san shi kamar yadda ya san zagayen jini. A 1953, a jami'ar Shikago ta Amurka, wasu masana biyu, Aserinsky da Kleitman, sun lura cewa akwai wani zango na barci da idanu ke kai-komo da sauri a ƙarƙashin fatarsu, kuma in aka tashi mutum a lokacin, yawanci zai ce mafarki yake yi. Wannan zango yana zagayowa kusan duk bayan minti 90, yana kuma ƙara tsawo in an doshi asuba, shi ya sa mafarkin goshin asuba ya fi zama a rai. A cikinsa sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro yana aiki sosai, sashen auna magana da tantance ta kuma yana lafawa. Sannan ƙwaƙwalwa tana kashe ƙarfin gaɓoɓi, don kada mai mafarkin gudu ya tashi ya ruga da gaske. Wannan rahama ce. Amma wani lokaci mutum yakan farka kafin gaɓoɓin su saku, ido biyu, jiki a ɗaure, ƙirji da nauyi, yana ganin kamar wani abu tsaye a kansa. Shi ne dannau da kakanninmu suka raɗa wa suna tun da daɗewa. Muryar da ta ƙi fita da ƙafar da ta ƙi ɗaguwa a mafarkin ƙanwata, daga nan suke, kuma mutane a ko'ina cikin duniya suna ba da labarinsu iri ɗaya.

Zazzaɓi yana ƙara wa mafarki kaifi, haka ciki, musamman watannin ƙarshe da mace ke yawan farkawa. Barcin da zafi da sauro ke yankewa gunduwa-gunduwa yana sa a riƙa tuna mafarki daki-daki. Wasu magungunan asibiti suna kawo shi, haka samarin da suka saba da tramol in sun rasa ta ko suna ƙoƙarin bari. Wanda kuma ya ga tashin hankali da idonsa, haɗarin mota ko harin ƴan bindiga ko azabar hanya, abin yakan riƙa dawo masa dare bayan dare. Ƙanwata ta haɗa ciki da zazzaɓi da zafi da fargabar miji a lokaci ɗaya. Da gwajin jini aka yi mata da jika biyun nan, da an ga zazzaɓin cizon sauron da aka gano sati uku bayan haka.

Me ya sa kuma maciji, me ya sa gida? Wani masani ɗan ƙasar Finland, Antti Revonsuo, ya kawo ra'ayi a shekarar 2000 cewa mugun mafarki kamar atisaye ne, ƙwaƙwalwa tana gwada haɗari a barci don ta shirya masa a farke. Ba kowa ya yarda da shi ba, amma mu nan ba ma buƙatar wani ya zo daga nesa ya koya mana tsoron maciji. Kububuwa, ƴar ƙarama mai launin ƙasa, tana kwance a gonakinmu lokacin noma da girbi, dafinta yana hana jini daskarewa, mutum ya yi ta zubar da jini ta dasashi da fitsari. Ga gamsheƙa mai tofi a ido, ga kasa, ga kunama a cikin takalmi da ƙarƙashin tabarma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum tsakanin 81,000 da 138,000 a shekara, kuma a 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci. Yaron da ya tashi yana jin "kada ka sa hannu a rami, kada ka ɗaga dutsen nan", ba abin mamaki ba ne in ya girma tsoronsa ya riƙa zuwa masa da siffar maciji. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Gida kuwa, ina mutumin Damagaram zai gani in ya rufe ido in ba gida ba? Gari ne da kowane zaure yake da wanda ya tafi. Wasu suna Kano, wasu Agadas, wasu wuraren haƙar zinariya, wasu Libiya da Aljeriya. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, kusan dukansu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya, da yawansu kuma mutanen yankin Kance ne, nan kusa da mu. Duk matar da mijinta ko ɗiyarta ke kan wannan hanya ta san labarin, ko ba ta faɗa ba. Ranar 3 ga Satumban 2024 kuma ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa da ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19. A daminar nan mutane nawa suka kwana ido biyu suna sauraren bangon ɗakinsu? In bayan haka mace ta yi mafarki gida ya rufta da ƴaƴanta, ko wani abu ya shigo ta ƙofa alhali mai gidan ba ya nan, ba sai an nemo wanda ya yi mata asiri ba. Halin da take ciki ne ya bi ta har shimfiɗa.

A nan ne na fi jin zafin masu wannan sana'a. Mace ta zo da tsoro na gaske, tsoron haihuwa ba miji, tsoron kuɗin asibiti, tsoron kiran da zai zo daga hamada. Maimakon a taya ta ɗaukar kayan, sai a ba ta suna. Suna kuwa yana da daɗin riƙewa, domin hamada ba ta da ƙofar da za ka je ka yi mata faɗa, talauci ba shi da fuska, amma kishiya tana da ɗaki, uwar miji tana da murya. Shi ya sa fassarar ke shiga rai, shi ya sa ake komawa, a biya na rubutu, a biya na turare, a biya na karya abin da aka ce an binne. Ku kuma lura da waɗanda yatsa ke nunawa. Kishiya ce, ko facala, ko uwar miji, ko bazawara, ko tsohuwar da ba ta da ɗa namiji da zai tsaya mata. Ido wa ka raina, wanda nake gani kullum. Ban taɓa jin an ce wa wata ta kiyayi abin hannun mai kuɗin unguwa ba. Kuma tambarin maita ba ya tsayawa kan mutum ɗaya, tunda an ɗauka gadonta ake yi. Yana bin ƴaƴa da jikoki, ya hana su aure. A wasu wurare har yau akan tilasta wa wadda aka zarga ta tsallake marar lafiya a gaban jama'a wai don ta saki kurwarsa, don kawai mai zazzaɓi ya ambaci sunanta cikin sambatu. Allah ya ce mu nisanci da yawa daga zato, domin sashen zato zunubi ne. Mu kuma mun samo wa zato hanyar shigowa da rigar addini.

Da can ma akwai masu duba da masu bugun ƙasa, ba yau aka fara ba. Bambancin shi ne da can sai ka taka ka je, mutumin ya san gidanku, ya san in ya haɗa ku faɗa gobe zai haɗu da yayanka a masallaci ko wurin jana'iza. Wannan kunyar tana taka masa birki. Na waya ba ya jin kunyar kowa. Yana iya zama a wani gari ko wata ƙasa, ya rusa zumuncin shekara arba'in da murya ta minti ɗaya, ya wuce zuwa saƙo na gaba.

Ba cewa nake a rufe wa masu mafarki baki ba. Wanda mafarki ya hana barci yana buƙatar kunne, kuma na san amfanin kunne nagari domin na taɓa samu. Ina karatu a Yamai, kusan kilomita 900 daga gida, lokacin da ciwon Baba ya yi tsanani. Na riƙa ganin kura tana zagaya zaurenmu tana shinshina ƙofa, ni kuma ina ciki ina danne ƙyauren da kafaɗa, sakata ta ƙi shiga. Da abin ya ishe ni na sami wani dattijon malami bayan sallar asuba na gaya masa. Bai buɗe littafi ba. Ya ce, "Ɗana, wa ke kwance a gidanku?" Na faɗa masa. Ya ce, "Yaushe rabonka da gida?" Na ce wata takwas. Ya koya mini addu'ar neman tsari, ya ce in riƙa karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi kafin in kwanta, sannan ya ce, "Ka nemi kuɗin mota ka je ka ga mahaifinka." Na je. Na yi kwana tara ina juya Baba ina ba shi ruwa, kuma su ne kwanakin da na fi riƙewa a rayuwata. Malamin nan bai ba ni sunan kowa ba. Ya ji abin da mafarkin ke faɗa game da ni, ya tura ni wurin da ya kamata.

Irinsa nake roƙon su ɗaga murya. Limamanmu suna huɗuba kan riba da shaye-shaye da tarbiyya, ina so in ji an ware Juma'a guda an karanta wa mutane hadisan mafarki yadda suke, an faɗa ƙarara cewa zargin mutum da maita ko asiri saboda mafarki ƙazafi ne. Makarantun Islamiyya na matan aure, inda maganar ta fi isa ga masu buƙatarta, su sa wannan babi cikin karatu. Gidajen rediyon da ke ba masu fassara fili su kafa sharaɗi ɗaya tak, kada a nuna kowa, ko da suna ko da ishara. Masu unguwa, in irin wannan ƙara ta zo gabansu, su tambayi mai zargi abin da ya gani ido biyu. Ungozoma da ma'aikatan awon ciki kuma su ƙara tambaya ɗaya a kan na kumburin ƙafa da jiri: ya barci? Mafarkin da ke maimaita kansa har ya hana mutum sukuni yana da magani a wurin likitocin ƙwaƙwalwa, ciki har da wata hanya mai sauƙi da ake koya wa mutum ya sake tsara ƙarshen mafarkin da rana, ya riƙa bitarsa a ransa har ya rage ƙarfi. Zuwa wurinsu ba hauka ba ne.

Ranar da na gane komai, bayan ƙanwata ta ba ni wayar na saurara tana kuka tana cewa, "Yaya, ni ma ban so ba, amma ita na gani," na wuce kai tsaye ɗakin Gwaggo. Na same ta tana surfa wake kaɗan, rabin abin da ta saba. Ban san ta inda zan fara ba, sai na ba ta labarin mafarkin kawai, ban kawo zancen fassara ba. Ta ajiye taɓarya ta daɗe tana kallon gindin dogon yaro. Sunan mahaifinta gare ni, don haka ba ta kiran sunana. Ta ce, "Babana, ai an yi haka. Kana lakwal ranar. Tana ƴar shekara huɗu, tana kwance nan kan tabarma, gamsheƙa ta fito daga bayan randar can, sanyi ta biyo. Uwarku ta daskare a ƙofar madafa. Ni na shigo daga zaure da taɓarya na kashe ta." Na tambayi Inna da dare, ta ce ƙwarai an yi, har Baba ya sa aka ɗaga randar aka ɗora ta kan duwatsu.

Na kai wa ƙanwata wannan labari. Ta yi shiru, ta tambaye ni sau biyu abin da Gwaggo ta riƙe, na ce taɓarya. Bayan ta haihu, Gwaggo ce ta zo ta dafa ruwan wankan jego ta dama kunun kanwa, ba wanda ya kira ta, kuma ƙanwata ta karɓa ta sha. Ba su taɓa tayar da maganar a tsakaninsu ba, ni dai ban ji ba. Amma matan layinmu ba su ji labarin taɓaryar ba, na farkon suka ji, kuma shi suka riƙe. Na bi gida uku da kaina na yi bayani, aka ce mini Allah ya kyauta. Jiya da safe na tsaya wurinta, kaskon yana kan wuta, mai yana ƙauri, ƙosai tara a cikin kwando sun huce. Na ce ta juye mini duka. Ta ƙirga, ta ƙara mini gyara biyu daga na cikin mai, ta ce in kai wa mai jego da zafinsu.